Cibiyar Jaririn Maryam

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baban Amir, ya yara, ya zafin Sakkwato?

Jaririn Maryam na kwance a asibiti nan Lafia. Cibiyarsa ta kumbura tana zubar da mugunya. An canza allura sau biyu, ƙwayar cutar ko gezau. Likita ta ce irin wadda ta saba da magani ce.

Ubansa Sabo bai tsaya jin bayani ba. Ya tafi Agyaragu, ya jawo ungozomar da ta yanke cibiyar, ya mare ta har haƙori ya fita. Tsohuwa na tofar da jini, maƙwabta suka rotsa masa kai da taɓarya.

Da aka kawo shi ɗinki, likita ta sa aka gwada mu duka. Ƙwayar da ke cin yaron, jinsi ɗaya sak, a hancin Sabo aka same ta, shi da ke haɗiyar kafso kamar gyaɗa. Har yanzu ban ga ya mari kansa ba.

Magani ɗaya ya rage, an fara jiya. Ku taya mu addu'a, Allah sa yaron ya tashi. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Rabi