Zaren da Ya Juyo da Jirgi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Ina fata ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Ni dai ina nan da rai, lafiyar ce ba zan rantse ba.

Kin tambaye ni labarin aikin filin jirgi. Yaya, shekara tara ke nan ina tsaye a ƙofa ɗaya, ina lalube aljihun mutanen da suka fi ni sa'a. Na'urar da ke leƙa cikin jakunkuna ta mutu wata uku da suka wuce. Jaka tana shiga tana fita, amma allon shuɗi ne fetal, ba ya nuna komai. Manaja ya ce mu riƙa zuba masa ido muna ɗaure fuska, wai ɗaure fuskar ma tsaro ne. Tsakani da Allah dai, sau shida yana rubutawa a zo a gyara, ba wanda ya leƙo. Saboda haka da hannu muke aiki. Wanda fuskarsa ba ta kwanta mana ba mu buɗe jakarsa, mu ƙwace ruwan sha da abin yankan farce.

Takardar gargaɗi biyu gare ni. Akwai jami'in da ake turowa da wuƙar roba don a gwada mu, duk mun san shi da koriyar jaka. Sau biyu yana sauya jaka ba sallama, sau biyun kuma a kaina. Ta uku kora ce.

An yi wa Kawu Tela aikin idon da ya kawo shi nan, kuma an dace. Yanzu ganin har ya yi yawa. Jiya a bakin ƙofa ya tuɓe mini riga, wai maɓalli ya karkace. Ranar Talata zai taso ya komo wurinku, ta ƙofata a filin jirgi zai bi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, yara na gaishe ka. Ƙorafinka kuwa tun kana rarrafe muke shan sa.

Magana ɗaya ta sa na ɗauki biro. Ranar da Kawu zai tafi wurinka, a filin jirginmu na nan sun sa shi ya cire takalmi da hula, wani ƙato ya shafe shi tun daga hammata har idon sawu. Shi da kansa ya ba ni labari a waya. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba! Da keken ɗinkinsa ka yi makaranta. Wallahi in na ji ka taɓa jikinsa, ko ka zazzage masa jaka a gaban jama'a, kada ka sake kira na Yaya. In kakin nan naka bai yi wa Kawu rana ba, wa zai yi wa?

Allah ya tsare.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san labari ya riga ni isowa, to ga yadda aka yi.

Na bi umarninki. Kawu ya iso ƙofa, na sunkuyar da kai. Abokin aikina Dogo ya ce, "Kawunka ne? Ai kawunmu ne gaba ɗaya. Baba, wuce abinka." Jakar ta bi ta cikin na'ura, na kalli shuɗin allo, na ɗaure fuska. Ashe Kawu ya zaga kasuwa ya sayo almakashin yankan yadi ya jefa a ciki, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa.

Minti ashirin da tashi, ma'aikaciyar jirgi ta wuce da tire, wani zare na reto a hannun rigarta. Kin san Kawu da zare. Ya ce sau biyu yana kau da kai. A na uku ya zaro almakashi, ya miƙe, ya bi ta. Ita kuwa ɗakin matuƙi ta nufa da shayi. Yana biye yana cewa, "Tsaya 'yata, abu kaɗan ne!" Ba ta jin harshenmu, almakashin kawai ta gani.

Mutum huɗu suka danne shi. Jirgi ya juyo. Ga sojoji, ga karnuka, ga motocin kashe gobara. Da aka sauko da shi a ɗaure, yana hango ni ya ce, "Auta, har yanzu fa ba a yanke zaren nan ba."

Kwana biyu suna tambayarsa wa ya aiko shi, ina zai kai jirgin. Sun sake shi bayan ya nuna wa babbansu cewa telansa ya cuce shi a ɗinkin kafaɗar riga.

Jibi zan tsaya gaban kwamiti. Manaja ya ja ni gefe, ya ce in faɗa musu na'ura lafiyarta lau, gyangyaɗi na yi, shi kuma zai roƙar mini a bar ni a aiki. Ban ɗora miki laifi ba, ban ɗora wa Kawu ba. Ni na ga jaka na ƙi buɗewa. Amma Yaya, da wanda ya wuce ɗin ba tela ba ne fa? Mutum ɗari da tamanin ne a jirgin nan.

Naki,
Auta

*

Auta,

Sannu da wannan tashin hankali. Cewa na yi kada ka zazzage masa jaka, ban ce ka bar shi ya saci jirgi ba. To amma ni ma bakina da kaifi, na sani, ka yi haƙuri. Ka faɗi gaskiya, ɗakinka na nan.

Kawu ya iso lafiya. Shago ya cika, kowa na son ɓarawon jirgi ya ɗinka masa riga. Ya ce a tambaye ka ina almakashinsa.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Na faɗi gaskiyar duka biyu: na'ura matacciya ce, ni kuma ban buɗe jaka ba. Na ambaci takardun Manaja guda shida, don kada a zalunce shi. Ranar Laraba aka kore ni. Ranar Alhamis aka gyara na'urar, cikin minti goma. Waya ɗaya ce ta fita.

Almakashi yana cikin akwatin gilashi a ɗakin horar da sababbin ma'aikata, shi ya samu aiki. Ki ce wa Kawu ya kakkaɓe mini keken da ke kusa da taga. Ina tafe ranar Asabar ta ƙofar tamu, kuma Dogo ya rantse sai na cire takalmi.

Sai na iso,
Auta