Na sayo saba babu kayan ciki

Laraba da dare, Gyadi-Gyadi

Mutane suna ɗauka sayen saba, wato babbar kwamfutar da ke raba wa sauran kwamfutoci bayanai, kamar sayen waya ne, ka buɗe kwali ka kunna. Ashe ni ma da nake koyar da kwamfuta haka na ɗauka.

Wata biyu muna jiran wadda na yi oda daga wani kamfani a Sin, don ɗalibaina su taɓa ta gaske ranar Asabar, su huta da kallon hoto. Yau da la'asar aka sauke ta. Na kira Injiniya Sabo daga Tarauni ya haɗa mana. Ya kwance murfin, ya leƙa, ya dube ni.

"Malam, ina kayan cikin?"

"Wane kayan ciki kuma?"

"Ba furosesa, ba ram, ba faifan ajiya. Rago ka sayo, amma tun a can aka kwashe hanta da ƙoda."

Na buɗe tallan da na gani na yi odar a waya ina huci. Ga kalmar nan a layi na biyu, "barebone", wato ƙashi zalla. Sau nawa na karanta ta, ina zaton sunan samfurin ne! Na rubuta wa wakiliyar kamfanin, ta amsa cikin ladabi cewa abin da na zaɓa aka turo. Abin haushin, gaskiyarta ce.

Kayan cikin sai wata mai zuwa, Asabar kuwa gata ce. Ko tuwo na kasa ci.

Amma ba zan ɗaga darasin ba. Zan ajiye musu ita a buɗe, in miƙa wa kowa tallan, in ce, "Bismillah, ku nemo inda malaminku ya yi tuntuɓe."