Maganin Bai Kai Ga Rahila Ba

Ƙanwata Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya maigida da yara? Mu a Zuru sai godiya.

Maganin zazzaɓin sauro da bincikenki ya sa ake bai wa masu ciki ya iso asibitinmu. Har kasuwa na shiga ina cewa, "Ƙanwata ce, ni na kai ta makaranta!"

Amma bai kai ƙauyen da 'yata Rahila ke aure ba, can bayan Wasagu. Zazzaɓi ya sa ta haihu a wata bakwai, ta rasu. Jinjirar na nan, numfashi da kyar.

Kin san ban taɓa roƙon kowa ba. Yau ina roƙonki, zo ki duba mini ita.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Yayanki,
Bawa