Ni na kwantar da telan Jega, kuma har yau godiya yake mini

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya ɗauki alƙalami ya zage ni, ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san abin da na yi ba shi da kyau, ba sai an gaya mini ba. Amma wanda bai taɓa kwanciya a gadon asibiti yana kallon jikinsa na zubewa ba, ya sassauta harshensa a kaina.

Ni manomin albasa ne daga wajen Kashin Zama a ƙasar Aliero. Duk wanda ya san ni a da, da ƙarfi ya san ni. Buhun albasa ni kaɗai nake cicciɓa in jefa a mota, mutane na tsaye suna kallo. Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba na fara jin wata irin gajiya, ga zazzaɓi da ba ya tafiya, ga dasashina na zubar da jini in na yi asuwaki. Aka yi maganin shawara, aka yi na sammu, duk a banza. Daga ƙarshe aka tura ni babban asibiti a birni, suka ɗebi jini, suka huda ƙashin ƙuguna, suka ce sankarar jini ce. Aka kwantar da ni aka fara sa mini ruwan magani. Wannan ruwan, jama'a, shi ya zubar mini da gashin kai, ya fasa mini baki da gyambo, ya mai da ni abin da ko buta ba na iya ɗagawa sai ƙanena ya taimaka.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tela mutumin Jega, zan kira shi Mamman, ko da yake ba sunansa ba ne. Ɗan ƙaramin mutum, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Cutarmu ɗaya. Tun ranar da ya ji sana'ata ya laƙaba mini Sarkin Noma, kuma ban taɓa jin daɗin yadda yake faɗinsa ba.

Sai ga wata likitar gashin ƙashi ta zo ɗakinmu, muna ce mata Malama. Ta ce bincike suke yi, suna so su gani ko motsa jiki kaɗan-kaɗan zai taimaki masu irin cutarmu su riƙe ƙarfinsu lokacin shan magani. Ta faɗa ƙarara cewa ba warkar da sankara yake yi ba, kuma ba dole, wanda ya shiga ma yana iya fita duk ran da ya ga dama. Za a raba mu biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su fara yanzu, wasu sai daga baya. Na yarda, Mamman ya yarda. Ƙuri'a ta faɗa masa, ni aka ce in jira. Ku duba fa! Ni da na yi rayuwata da ƙarfin damtse aka bari a kwance, tela mai zaman dirshan a kan keken ɗinki shi aka zaɓa. Wace irin ƙuri'a ce wannan?

Kullum da hantsi, in an duba jinin waɗanda aka zaɓa an ga ba matsala, sai Malama ta tafi da su. Su zaga baranda, su zauna su tashi a kujera, su ja wata roba, su hau wani keke da ba ya zuwa ko'ina. Mamman ya dawo yana goge gumi yana cewa, "Sarkin Noma, yau har Aliero na kai bisa keke, mutanenka na gaishe ka, sun ce yaushe za ka tashi?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Na riƙa yin murmushin dole. Abincinsa ya ƙaru, barcinsa ya gyaru, ni kuwa kullum ƙara nutsewa nake cikin katifa.

Ga abin da ya ƙona mini zuciya. Wata safiya ƙanena ya fita sayo koko, cikina ya murɗa, maganin nan yana sa gudawa. Na lallaɓa zan je banɗaki, ƙafafuna suka ƙi, na zube a hanya, kuma abin da nake gudu ya faru a wandona. Mamman ne ya tarar da ni. Ya ɗaga ni, ya kai ni ciki, ya zuba mini ruwa, ya ba ni wandonsa. Na gode masa har da hawaye, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce, "Haba, mi na na abin magana a nan?" Ranar Juma'a 'yan dubiya suka zo masa daga Jega, cikinsu har da dillalan albasa da suka san ni a kasuwa. Ina kwance na juya baya, sai na ji muryarsa: "Wanga da kuka gani, shi ka ɗaukar buhu shi ɗai, to ni ɗan tela ni na ɗauke shi kamar jinjiri, har tsarki na yi mai. Wandon da ke jikinai ma nawa ne!" Suka yi dariya har wani na buga gado. Ban motsa ba. Na yi kamar ina barci. Ba a yi nisa ba labarin ya isa garinmu, ƙanena ya dawo daga gida ya kasa haɗa ido da ni. Ku gaya mini, wanda aka yi wa haka, zuciyarsa za ta zauna fari?

A cikin masu motsa jikin akwai wani dattijo makiyayi daga Kuberi ta Maiyama, muna ce masa Baffa. Shi ne abokin zagayen Mamman a baranda. Zazzaɓi mai zafi ya kama shi, irin wanda ke kama masu cutarmu in jini ya yi ƙasa, cikin ɗan lokaci Allah ya karɓi abinsa. Rasuwar ta girgiza Mamman, karo na farko na ga bakinsa a rufe. Washegari ya zauna a bakin gadona ya ce, "Sarkin Noma, jiya-jiya hwa muna tahiya tare." Nan Shaiɗan ya zo mini, ko kuwa in faɗi gaskiya, ni na kira shi. Na yi firamare, ina tsintar Turanci, shi kuwa ko ɗaya ba ya ji. Na rage murya na ce, "Mamman, akwai abin da na ji likitoci na hwaɗi bayan labule, na rasa yadda zan gaya maka. Motsin nan shi ka tada cutar ta bi jini ta kai ga zuciya. Gwaji aka yi da ku, don a ga wanda za ya riga wani mutuwa." Ya zuba mini ido ya ce, "Ka rantse?" Na rantse da Allah. Na ƙara da cewa kada ya kuskura ya ambaci sunana, in sun sani za su tsayar mini da magani. Ban ji komai a bayan labule ba. Ni na ƙirƙira daga farko har ƙarshe.

Da Malama ta zo ɗaukarsu ya ja bargo ya ce shi ya daina. Ta durƙusa a gefen gadonsa ta ce, "Malam Mamman, haƙƙinka ne ka fita, maganinka ba zai canza ba. Amma ka gaya mini, wani wuri ne ke ciwo? Ko rasuwar Baffa ce?" Ta yi masa bayanin abin da ya kashe Baffa, ya ƙi ko kallonta. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, har ya daka mata tsawa a gaban mutane ya ce ta je ta yi gwajinta a kan danginta. Ina kallo ta fita idonta ya cika. Kuna so in ce na ji tausayi? Ban ji ba. Daɗi na ji. Na ga ya daina zagaye, ya daina ba'a, har banɗaki ya daina zuwa da ƙafarsa don tsoron kada cutar ta motsa, sai a kawo masa tasar bahaya har gado. Na ce a raina, to ɗanɗana.

Daga baya aka sallame shi ya koma Jega, sai dai ya riƙa zuwa karɓar magani. Ni kuma layinmu ya zo, Malama ta ce ko ina so in fara? Na ce ina so. Na zaga barandar nan, na ja robar nan, na hau keken nan da na tsana. Da farko numfashina kamar zai ɗauke, a hankali na fara hawa matakala ba mai riƙe ni. Ban warke ba, har yanzu ina zuwa a sa mini ruwa, amma yau ina zuwa fadama da ƙafata in tsaya a kan masu dashe. Da aka gama, Malama ta zaunar da ni ta kunna rikoda, ta ce suna so su ji daga bakin marasa lafiya yadda abin ya kasance musu. Na zuba mata bayani mai daɗi. Ta kashe rikodar ta ce, "Kai ne maƙwabcin gadon Malam Mamman. Ka san abin da ya sa ya juya mini baya? Abin yana damuna, ina ta tunanin ko wani laifi na yi masa." Na dubi ƙasa na ce Allah kaɗai ya sani.

Kwanan baya na shiga kasuwar Jega, yayan Mamman, wani Alhaji mai sayar da yadi, ya gan ni ya riƙe hannuna ya ce sai na je gida. Na tarar da Mamman a kan tabarma a zaure, ƙafafunsa sun zama kamar karan gero, bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya, keken ɗinkinsa an lulluɓe shi da zane a lungu. Alhaji ya ce likitoci sun ce cutar ta lafa a jininsa, sun yi sun yi ya riƙa takawa ya ƙi. Mamman ya kama hannuna da nasa biyu ya ce wa mutanen zauren, "Ga wanda yac cece ni. Ku dube shi, shi da ba su taɓa ba ga shi tsaye garau. Ni da sunka wahalar, ku ga yadda na koma." Bai san ni ma na hau keken Malama ba. Tsayuwata a gabansa ita ta ƙara tabbatar masa da ƙaryata. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Sarkin Noma, har yau hwa ba ka maido min wandona ba." Zauren ya yi dariya. Wallahi nan take tausayin ya gudu, na ji da ma ƙafafun su ƙarasa bushewa. Wane irin mutum ne wannan? Kuma wane irin mutum ne ni?

Da zan tafi Alhaji ya raka ni waje. Ashe Mamman ya gaya masa komai, har da sunana. Ya ce sun riga sun kai ƙarar Malama wurin shugabannin asibitin, an ce su kawo wanda ya ji maganar da kunnensa. Ya ce, "Ranar da za ka koma karɓar magani tare za mu tahi. Ka dahwa Alƙur'ani ka hwaɗi abin da kaj ji, a kore ta, kada ta kashe ɗiyan mutane." Na ce masa to.

Ranar ta matso. In na je na maimaita, na dafa littafin Allah a kan ƙarya, na kashe aikin matar da ta tsayar da ni a kan ƙafafuna, Mamman kuma ya ruɓe a tabarma. In na ƙi zuwa, Alhaji ba zai bar ni ba. In na faɗi gaskiya, ta yiwu Mamman ya tashi, amma daga Jega har Aliero ba ni da sauran fuskar shiga kasuwa, kuma asibitin nan shi ne inda raina yake rataye. Abin da ya fi ba ni tsoro, har yanzu da nake wannan rubutu ban yafe masa ba, kuma ban san yadda ake neman gafarar mutumin da kake jin haushinsa ba.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?