Wa Ya Taɓa Kafireton Nusret?

Gwaggo Mubera, don Allah ki agaza, kuma ki agaza kafin ranar Asabar, don bayan Asabar duk abin da za ki faɗa ya zama ta'aziyya.

Da farko ki san da wanda kike magana. Ni ba na rubuta wa jarida, jarida ce ke rubutu a kaina. Ni ne Shugaban Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta kwarin nan baki ɗaya, daga Zenica har Doboj, injiniya kuma dakta, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a Jamus yana koya wa Jamusawa ɗaure noti. Sunana zan ɓoye don kada gari ya ruɗe. Matsalar kuma ba tawa ba ce, Allah ya sawwaƙe. Ta wani dattijo ce a ƙungiyarmu, shi da wani ɗan banzan yaro da ni ban ma san shi sosai ba.

Dattijon sunansa Nusret, a Maglaj yake, shekararsa saba'in da ɗaya, bakanike ne da ya ajiye aiki amma aiki ya ƙi ajiye shi. Yana da 'yar ƙaramar motar nan mai inji a baya, irin wadda uban kowa ya taɓa hawa, ruwan madara, ya saye ta sabuwa fil a shekarar da ya yi aure. Lokacin yaƙi cire mata tayoyi ya yi, ya binne ta ƙarƙashin tarin itacen wuta. Iyalinsa sun sha sanyi har haƙora na kaɗawa, amma ko sanda ɗaya ba a zara daga tarin nan ba. To ki auna da kanki.

Shi Nusret ba ya saita inji da na'ura. Inna Fadila, wato matarsa, haka 'yan ƙungiya ke kiranta, za ta dafa gahawa ta cika ɗan finjali taf har baki. Sai ya tayar da mota, ya ɗora finjalin a kan murfin matatar iska, ya rufe ido, ya sa sukudireba a kan wani ɗan sukurun tagulla da ke gefen kafireto, yana murzawa a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Idan injin ya zauna daidai, fuskar gahawar za ta riƙa ɗan rawa kawai, ko ɗigo ba zai gangaro ba. Sai ya buɗe ido, ya ɗauke finjalin ya shanye. Kullum cewa yake, kunne shi ne alƙali, gahawa shaida ce kawai. Mutane na turo tsofaffin motocinsu daga garuruwa uku don kunnen nan.

Shi kuma yaron ɗan ƙanwarsa ne, shekara ashirin, yana murza ƙullun pita, wato burodin nan namu mai maiƙo, a gidan burodi. Boko bai zauna masa ba, karatun da ya riƙe shi ne na makarantar bayan masallaci wajen Malam Hamdija, shi ma rabinsa a tsaye ya yi shi yana fuskantar bango. Amma yaro ne mai basira ƙwarai, kyakkyawa kuma, haka na ji ana faɗa. Shekara uku yana roƙon kawunsa ya bar shi ya riƙe sukudireba ko sau ɗaya. Amsar ba ta canzawa: "Kai kunnenka na ja ne, ba na saurare ba, je ka tambayi Malam Hamdija. Riƙe faranti." Shekara uku, Gwaggo, ina riƙe da faranti. Yana riƙe, nake nufi.

To ran nan a shagon gahawa Kawu ya cika baki a gaban maƙwabcinsa Esad, ya ce ko ƙuda ya sauka a kan kafiretonsa zai ji nauyinsa a muryar injin. Yaron ya ce a ransa, bari mu gani. Ranar Talata bayan azahar, dattijon ya ci ya ƙoshi ya miƙe a ƙarƙashin bishiyar lambu yana minshari, yaron ya ɗauko makullin gareji daga ƙarƙashin tukunyar fure, ya murza sukurun nan rubu'i ɗaya tak. Da la'asar Kawu ya tayar da mota, ya tsaya cak, ya karkata kai kamar kaza ta ji shaho. Minti biyu ya gyara abinsa. Yaron yana bayan tarin itace yana cizon hula don kada dariya ta tona shi.

Da a nan aka tsaya da ban ɓata tawadar ofishina ba. Amma kin san daɗin goro ba ya barin mutum ya tsaya a ɓari ɗaya. Yaron ya sake, wannan karon ya murza ɗaya gefen. Ya sake. Sau bakwai cikin mako biyar. Shi kuwa Kawu ko a mafarki bai kawo cewa akwai mahalukin da zai iya taɓa motarsa ba, don haka ya shiga neman mai laifi ko'ina. Ya canza fulogi. Ya kwance kafireto ya wanke sau uku, ya ɗaga sukurun nan ga hasken rana ya ga lafiyarsa lau. Ya canza gidan mai. Ya ce finjalin ne ya karkace, ya sa aka sauko da na auren Inna Fadila daga saman kabad, guda goma sha biyu, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya ce gahawar ce ta yi ruwa-ruwa. Inna Fadila ta ce shekara arba'in da tara tana dafa gahawa a gidan nan ba ta taɓa jin mota ta yi ƙorafi ba, in ya ga dama ya zuba mata fetur a finjali ya sha. Kwana biyu ba sa magana sai ta bakin kyanwa: "Faɗa wa maigidanki abinci ya sauka."

Esad ne ya ɓata komai. Ya ce, "Nusret, ba mota ba ce, kai ne. Kana saitawa ba daidai ba, washegari kunnenka ya farka ka ji gaskiya. Tsufa ba ya sallama." Kawu ya zage shi tas, amma maganar ta shige shi. Ya shiga bas har Zenica wajen likitan kunne. Likita ya ce kunnensa kamar na saurayi. Ya dawo yana cewa likitan yaro ne, na'urarsa ƙarar tsuntsu kawai ta iya, me ta sani game da inji.

Wata ranar Alhamis yaron ya leƙa gareji ya tarar da kawunsa zaune a kan 'yar kujera gaban injin, bai tayar ba, bai taɓa komai ba, gahawa ta huce a hannunsa. Wallahi dariyar ta ƙare a nan. Yaron ya yi niyyar ya mayar da sukurun inda yake na asali ya tuba tsakaninsa da Allah. Sai dai bai riƙe lissafin murɗe-murɗensa ba. Ya taɓa jin an ce a rufe shi ruf sannan a buɗe zagaye ɗaya da rabi. Ya rufe. Amma da hannun mai murza ƙullu ya rufe, Gwaggo. Tsinin tagullar ya lanƙwashe. Yanzu duk yadda aka murza, injin tari yake kamar tsoho mai shan taba.

Ranar Lahadi, a gaban Esad da wasu baƙi biyu da suka turo motarsu daga Doboj, gahawar ta zube. Ta gangaro har kan fulogi. Kawu bai sake duba sukurun ba, ai ya riga ya wanke shi daga zargi har sau uku. Ya goge sukudirebarsa, ya naɗe ta a tsumma, ya miƙa wa Inna Fadila ya ce ta ajiye cikin kayan marigayi babansa. Ya ce wa baƙin su tafi wajen masu na'ura. Ya ce, "Motar lafiyarta ƙalau, ni ne na mutu daga wuya zuwa sama."

Akwai wani Edin, ɗan garinmu da ke da gidan abinci can ƙetare a birnin Graz, shekara shida yana naci a sayar masa da motar. So yake ya cire injin, ya girke ta a ƙofar gidan abincinsa, ya shuka furanni a ciki. Furanni! Kawu ya kira shi da kansa. Ranar Asabar zai zo da tirela.

Yanzu ga tambayata a matsayina na shugaba. Yaron ya samo wani sukurun mai lafiya wajen mai gwangwan, yana cikin aljihuna yanzu haka. Shin ya canza shi a ɓoye kowa ya huta? Ko ya faɗi gaskiya, alhali hannun Kawu kamar guduma yake, kuma in mahaifiyata ta ji sai ta gama da abin da ya bari? Ko ya gudu ƙasar Slovenia wajen abokinsa?

Kai, na gaji. Babu injiniya, babu dakta, ƙungiyar ma babu ita. Jamus ko a taswira sai an nuna mini. Na ga kamar in na ce mai murza ƙullu ne za ki sa takardata a ƙasan tari. Ni ne yaron. Don girman Allah ki canza sunaye, don Kawu yana karanta filinki duk Alhamis, ko da yake yana cewa na mata ne.

Senad, wanda ya taɓa kafireto.

*

Ranka ya daɗe Shugaba,

Na gane ka tun daga Jamusawa da noti. Kuma takardar ofishinka ta iso mini da maiƙon pita a kusurwa. Amma da ka zo da sunanka ma da na amsa, don wanda ya ga gahawa ta huce a hannun tsoho har dariyarsa ta tsaya, akwai sauran alheri a jikinsa.

Slovenia dai ka manta da ita, mahaifiyarka ta san hanyar tashar bas.

Canza sukuru a ɓoye kuwa shi ne mafi muni cikin ukun, ko da yake shi ya fi maka daɗi. Ka yi tunani. Motar za ta warke da kanta, ba tare da hannunsa ba, bayan ya yi makonni yana fama ya kasa. Me zai ɗauka? Cewa Esad ya yi gaskiya. Zai miƙa wa Edin mota mai lafiya, kai ka tsira da kunnuwanka, shi ya ƙarasa rayuwarsa yana ganin ya zama kurma. Ba sukuru ka lanƙwasa ba kawai, ɗana, yardar da mutum ya yi wa kansa shekara hamsin ka lanƙwasa, ita kuma ba a samun ta wajen mai gwangwan.

Ban wanke kawunka ba. Shekara uku saurayi na roƙon a koya masa sana'a ana miƙa masa faranti, wannan rowa ce, kuma mai rowar ilimi yakan wayi gari ya ga an yi masa karambani. Nusret, in kana karanta wannan filin na mata, da kai nake. Amma rowarsa ba ta zama lasisinka ba. Sau ɗaya wasa ne. Sau bakwai zalunci ne, ka tambayi Malam Hamdija.

Ga yadda za ka yi. Fara da Inna Fadila, don ita ma ka jawo wa gahawarta ƙazafi, kuma ita kaɗai ta san inda aka ajiye sukudireba. Ka roƙe ta ta dafa, ta cika finjali. Kada ka yi maganar a shagon gahawa, kada Esad ya kasance ko a bakin titi. A gareji, ku biyu. Ka ciro lanƙwasasshen a gaban idonsa, ka ɗora masa duka biyun a tafin hannu. Sabon kuwa kada ka kuskura ka ɗaura shi, aikinsa ne.

Kuma ka lura da abin da za ka fara faɗa. Kada ka fara da neman gafara, zai biyo baya. Ka fara da wannan: "Kawu, sau bakwai na murza, rubu'i-rubu'i, sau bakwai ka ji." Kai ba ka gane ba, amma babu likita a Zenica da zai iya yi masa gwajin da ka yi masa, kuma ya ci duka. Wannan labarin yake jira, ko da zai biya ka da mari. In ya ɗaga hannu ka tsaya, ka biya bashin dariyar bayan itace. Kada ka roƙi a koya maka komai a ranar. Edin kuma ka bar su, wanda ya kira shi shi zai sallame shi, tukwanen fure ba su ƙare a Graz ba.

Sunaye na canza kamar yadda ka roƙa. Amma mutum nawa ne a kwarin nan ke ɗora gahawa a kan inji? Ku 'yan gidan burodi kuna riga kowa ganin jarida, dattawa kuwa sai sun tashi daga barcin rana suke buɗe ta. Saboda haka kana da daga yanzu zuwa la'asar. Wanke hannunka, cire gari daga gashinka, ka riga ni isa wurinsa, don daga bakinka tuba ce, daga bakina tonon asiri.

Allah ya sanyaya zuciyar kawunka, ya sassauta hannunsa, ya bar injin nan a cikin motarsa.

Gwaggonka, Mubera.