Maɓallin da Baba Ya Ɓoye

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Zahra'u da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwar albasa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, ga waɗanda suka samu damar shiga gonakinsu. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci ba sanda. Inna Talatu, ƙanwar Baba, ta koma wurin 'yarta a Dutsin-ma, saboda haka gidan hayar nan daga ni sai Baba. Tun da muka baro Runka ban taɓa jin shirun gida kamar na bana ba.

Ka tambaye ni wane irin aiki nake yi a Safana, har ka ce ka kasa yi wa abokanka bayani. Wata ƙungiya ce ta yi manhajar waya domin manoma da makiyaya. Tana faɗin farashin hatsi, da labarin ruwan sama, da ranar rigakafin dabbobi, kuma tana yin ƙara idan an ga 'yan bindiga a wata hanya. Ni aikina in rubuta littafin da zai koya wa mutane amfani da ita, da Hausa. Waɗanda suka ƙera ta suna Kaduna, ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, sai dai saƙo. Ofishin ɗaki ɗaya ne da tebur da fanka. Wani lokaci har a yi la'asar ban buɗe baki na yi magana da kowa ba.

Wahalar aikin ita ce an bar wa kowa ya tsara fuskar manhajar yadda yake so. Mutum zai iya matsar da maɓalli, ya canza masa launi, ya raɗa masa suna, ko ya ɓoye shi gaba ɗaya. Da farko na rubuta cewa a danna jan maɓallin da ke sama ta dama. Na kai littafin ƙauyen Darini don a gwada, sai wata mata mai suna Lami ta miƙo mini wayarta tana dariya, ta ce ita duk nata koraye ne, don ja yana tuna mata asibiti. A Tsaskiya kuma wani makiyayi, Malam Hamma, ya mai da sunayen duka Fulatanci, maɓallin rigakafi ma sunan saniyarsa ya sa masa. Na dawo na yage abin da na rubuta. Yanzu ba na cewa ga inda abu yake ko ga launinsa, sai dai in faɗi aikin da yake yi, in bar mai waya ya nemo shi a inda ya aje shi.

To Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ni da kaina na sa wa Baba manhajar, na koya masa yadda ake tsara ta. Ya koya da sauri har na yi alfahari da shi. Ya cire farashin hatsi, ya ce ba shi da abin sayarwa. Ya jawo maɓallin kira ya kai shi tsakiya, ya sa hotonka a kai. Daga baya kuma ya ɓoye maɓallin gargaɗi, wanda idan an ɓoye shi ƙarar ma ba ta fitowa. Da na yi masa magana sai ya ce duk garin da wayar ta ambata ya san mutanen cikinsa, ya ci tuwo a gidajensu, kuma ba abin da zai iya yi musu daga nan. Ya ce ya gaji da jin sunayen. Na ga idonsa, na ƙyale shi.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce ina ofis wayata ta yi ƙara, aka ce an ga mutane a kan babura a hanyar Runka. Na kira Baba don kawai in ji muryarsa, ba ta shiga ba. Na kira maƙwabcinmu Malam Yazid, ya ce ai tun da safe Baba ya hau acaɓa, ya ce zai je ya ga gonarsa da idonsa ko da ciyawa ce ta cinye ta. Ban san yadda na iso Batsari ba. Na zauna a tsakar gida, buzun sallarsa na rataye, kofin shayinsa na nan inda ya bar shi. Na ɗauko wayata in kira ka, na aje. Me zan ce maka, kana can ba abin da za ka iya? Sai gab da magariba ya shigo, rigarsa duk ƙaya. Wasu mata masu itace ne suka tsai da su, sai shi da ɗan acaɓan suka yar da babur suka kwanta cikin gonar dawa har mutanen suka wuce. Gonar tasa bai ko hango ta ba.

Washegari na rubuta wa mutanen Kaduna cewa a hana ɓoye wannan maɓalli. Shugabansu ya ce duk manufar aikin ita ce a bar mutum da zaɓinsa. Sai na ba shi labarin Baba. Da suka sabunta manhajar, sai gargaɗin ya dawo a wayar kowa, ba ya ciruwa. Na ƙara layi ɗaya a littafin, cewa komai kana iya ɓoyewa ban da wannan. Ban yi nadama ba, Yaya, ko yau aka sake haka zan yi.

Amma Baba ya san ni ce. Bai yi faɗa ba. Ranar da wayar ta fara ƙara, ya saurara har ta gama faɗin sunan garin, sannan ya kashe ta, ya naɗe ta a tsumma, ya sa a ƙasan akwati. Yana amsa gaisuwata, yana cin abin da na dafa, amma hirar da muke yi bayan la'asar ta mutu. Jiya na ji yana tambayar Malam Yazid ko ya ji labarinka.

Saboda haka idan ka kira shi ka ji a kashe, kada ka ɗauka sabis ne babu. Ka kira tawa bayan la'asar, ni zan kai masa. Kada ka yi masa maganar Runka, kada kuma ka ce ya kunna wayar. Ka dai daɗe kana magana da shi, ko labarin albasa ne. Idan kun gama, ka ce ya miƙo mini, ni ma ka ɗan yi hira da ni.

Ka gai da Anti Zahra'u, da Nusaiba, da ɗan auta Faisal wanda har yau hotonsa kawai na sani. Inna Talatu, da muka yi waya, ta ce a gaishe ka, haka ma Malam Yazid. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Taka ƙanwa,
Bushira Mani