Tsuntsun da Zai Dawo Min da Bindigata

Litinin, 4 ga Maris
Sun karɓe bindigar. Shekara arba'in da ɗaya ina farauta a dajin nan, wani likita da ko gemu bai gama tsirowa ba ya ce wai idona da hannuna sun daina tafiya tare. 'Yata Dubravka ce ta kai ta ofishin 'yan sanda da kanta. Daga nan ta koma gidanta a birnin Rijeka, ta bar ni da haushina.

Alhamis, 7 ga Maris
Ta aiko min da kyamara mai dogon hanci. Na buga mata waya na ce ni ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Ta ce, "Baba, ɗauko min hoton tsuntsun nan puzavac, idonsa ya fito tar, ni da kaina zan kai ka a sake gwajin likita." Ja'ira, ta san abin da ta zaɓa. Tsuntsu bai cika tafin hannu ba, launinsa na ɓawon icce, yana hawa yana zagaye gindin icce kamar ɓera. Na ce mun ƙulla. Kafin farautar kaka bindigata za ta dawo gidan nan.

Talata, 12 ga Maris
Hoto ɗari biyu da sittin. Ɓawo, ɓawo, ɓawo.

Asabar, 16 ga Maris
Abokin farautata Ratko ya kawo min ƙyafaffen naman barewa, don ya ƙona min rai. Ya duba hotunan, ya yi ta dariya har da tari. "Kai Zvonko, gaban tsuntsun kake harba! Ka ɗauka harsashi ne da zai je ya tare shi?" Na fizge kyamarar. Da ya tafi na duba, wallahi haka ne: kowane hoto tsinin baki ne kawai a can ƙasa. Hannun ya saba ba dabba tazara. Abin ya yi min ciwo, kuma a rasa wanda zai gano sai Ratko.

Lahadi, 24 ga Maris
Yau wutsiya. Na gyara har na wuce gona. Ba zan bari ba.

Laraba, 3 ga Afrilu
Na gane shi. Ba ya saukowa da ƙafa. In ya kai sama sai ya faɗo gindin iccen gaba ya sake farawa. Don haka na daina binsa. Na zauna a kan kututture, na saita kyamara daidai gwiwa, na jira. Awa uku, ƙafafuna suka mutu. Sai ga shi. Baki lanƙwasasshe kamar basilla, yana zura shi cikin tsaga, ƙirji fari ƙal. Ban danna ba. Mantawa na yi. Wannan ba zan gaya wa kowa ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Ashe su biyu ne. Suna jidar ƙiraruwa zuwa bayan wani ɓawo da ya ɗage a jikin mataccen icce. Sau nawa na wuce iccen nan da bindiga a kafaɗa?

Litinin, 6 ga Mayu
Na same shi! Ido tar, da gizo-gizo a baki. Na tura wa Dubravka, ta kira muryarta wani iri. "Baba, kai ka ɗauka?" Na ce a'a, maƙwabta. Ta samo min layi wajen likita ranar Juma'a, ƙarfe goma.

Juma'a, 10 ga Mayu
Ta iso tun bakwai tana danna min odar mota. Na fito da takalmin daji da kyamara. 'Ya'yan tsuntsun sun fara leƙo kai daga sheƙa, na ƙirga biyar, yau ko gobe za su fita.

"Baba, in ka rasa layin yau sai Nuwamba fa. Farautar bana ta wuce ka."

Na ce to, Nuwamban.

Ta kashe motar ta biyo ni da takalmin ofis. Uku suka fita a gabanmu. Na ƙarshen ya faɗo ƙasa, ya hau da kansa.

Ba wai na haƙura ba ne. Na dai aika wa Ratko kada ya kuskura ya shigo da karnukansa ta gefen nan.